Baƙin Gwangwanin da Na Wanke

Shekara shida na yi ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a New York, kuma ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Da wannan nake yabon kaina a zuci. Abin da zan faɗa a nan ban daɗe da iya faɗarsa ba tare da na sassauta wa kaina ba.

A shekarar da ta biyo bayan babbar guguwar da ta shigo da teku cikin Staten Island, ejansin da ke tura mu aiki ta ba ni wani dattijo a Port Richmond, wata unguwa a can. Ni kuwa a University Heights nake zaune, a Bronx. Sai in hau jirgin ƙasa zuwa ƙarshen Manhattan, in shiga feri, wato jirgin ruwan fito, in sauka in hau bas. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi ce ke karɓar aikin daga hannuna. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma ta riga ni gidan da shekara uku. Ita ta nuna mini inda magunguna suke, da yadda ake tallafar dattijon a banɗaki ba tare da ya ji an mayar da shi jariri ba.

Bature ne, ya doshi tamanin, mutumin Ostireliya. Yana saurayi ya yi aikin inji a jiragen ruwa, ya sauka New York, ya auri 'yar unguwar, ya zauna. Matar ta rasu. 'Yarsa ɗaya tana New Jersey, takan zo ƙarshen mako. Ciwon suga ya cinye masa ido, sai dai ya bambance haske da duhu. Ina kiransa Baba. Da farko ya ce shi bai haife ni ba, na ce a wajenmu duk mai furfura ya haifi kowa. Ya ce to, amma kada in sa rai da gado.

Mahaifiyata tuwo take sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Mu 'ya'yanta, maza da mata, da toka da yashi muka tashi a hannu. Ba a kife tukunya a gidanmu sai bayanta ya yi haske, don ta ce mai saye ba ya leƙa cikin tukunya, bayanta yake kallo ya san ko zai ci. Da wannan hannun na zo Amurka. Duk gidan da aka tura ni, kicin nake fara gyarawa, kuma ina jin daɗi idan aka yaba.

A saman kabad ɗin kicin ɗin dattijon akwai wani gwangwani mai murfi da mariƙin waya, kamar ƙaramin bokiti. Baƙi ne ƙirin, baƙin ya yi kauri har ya yi ɓawo. Wata biyu yana tsone mini ido. Wata Juma'a da rana dattijon yana barci, na gama komai, na sauko da shi. Na jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu, na sa soson ƙarfe. Kusan awa guda na yi a kansa, ruwa baƙi yana bin rariya. Da na gama har fuskata nake gani a jikinsa. Na mayar da shi inda yake, na tafi gida ina jin na yi aikin lada. Ban tambayi kowa ba. Ko a raina bai zo mini ba cewa akwai baƙin da ake ajiyewa.

Ranar Litinin na tarar da motar 'yar a ƙofar gida, abin da ba a saba ba. Dattijon yana zaune a teburin kicin, gwangwanin a gabansa, ya riƙe shi da hannu biyu. Ashe ranar Lahadi da yamma ya ce a sauko masa da shi, kamar yadda yakan yi lokaci-lokaci. Ya shafa, ya kai hancinsa, ya ji ƙamshin sabulu.

'Yar ta ce, "Wannan na kakana ne. Shi kaɗai ne abin da ya dawo daga yaƙi. Tun kafin a haife ni ruwa bai taɓa bayansa ba. Hajiya ta ce ba ita ba ce. Kai ne?"

Na dubi idonta, ya yi ja. Na tuna takarduna na neman izinin zama a ƙasar da ke gaban lauya, na tuna an ce rahoto ɗaya daga iyalin majiyyaci ya isa ejansi ta ajiye mutum.

Na ce, "Ranar Juma'a da na tafi, yana nan yadda yake."

Ban ce Hajiya ce ba. Na daɗe ina fakewa da wannan, wai ai ban ambaci sunan kowa ba. Amma mu biyu ne ke shiga kicin ɗin, kuma na san haka lokacin da na buɗe baki. Kafin Laraba ejansi ta cire Hajiya daga gidan.

Ta kira ni a waya ranar. Ba ta zarge ni ba. Cewa ta yi, "Ɗan Zariya, ka kula mini da tsohon nan. Ba ya son a sa mashi safa kafin a shafa mai a ƙafa. Kuma ranar Asabar wanda za su kawo, ka gaya mashi ba a ba shi lemo da safe." Na ce to, Hajiya. Na ce Allah Ya bayyana gaskiya. Da bakina na faɗi haka.

Mako biyu dattijon bai yi mini wasa ba, abinci ma sai na matsa. Sannan wata safiya, ina aske masa gemu, ya ce, "Abokina, wayarka tana ɗaukar murya?" Na ce tana ɗauka. Ya ce shi bai taɓa ba jikokinsa labarin mahaifinsa ba, don a ganinsa gwangwanin ya isa, duk wanda ya shinshina zai gane. Yanzu kuwa dole ya yi magana kafin shi ma a wanke shi.

Haka muka fara. Kullum bayan abincin rana in ajiye waya a kan tebur, shi kuma ya yi ta magana har ya gaji.

Mahaifinsa leburan reluwe ne. Ba direba ba ne, ba mai yankan tikiti ba. Yana cikin masu gyaran layi, su biyar ko shida da helumansu, a wani yanki na tsakiyar ƙasarsu inda ya ce layin dogo yake miƙewa sambal har ido ya gaji, ba bishiya, ba gari, sai jar ƙasa da ƙudaje. Gidansu na kwano ne a bakin layi. Ruwan sha jirgi ke kawo musu. Da safe su hau wani keke mai tafiya a kan ƙarfen, ana tuƙa shi da hannu, su bi layi suna duba kusoshi, suna canza katakon da gara ta ci. Idan zafi ya yi yawa ƙarfe yakan lanƙwashe, sai su miƙar da shi kafin jirgi ya iso. Tsakar rana su tara ƙirare, kowa ya rataya gwangwaninsa a kan wuta ya dafa shayi.

Na ce masa na san irinsu, su ne masu cin tuwon mahaifiyata bashi kafin ƙarshen wata. Ya yi dariya, karo na farko tun abin ya faru. Dariyar ta fi zagi ciwo a wajena.

Ya ce abu ɗaya yake tunawa da idonsa. Mahaifinsa ya ɗora masa tafin hannu a kan ƙarfen layi ya ce ya tsaya shiru. Ba a ganin komai, ba a jin komai, amma ƙarfen yana ɗan rawa a ƙarƙashin hannunsa. Sai can jirgi ya ɓullo. Shekararsa uku ko huɗu. Ya ce fuskar ba ya iya tuna ta sai ta hoto, amma nauyin hannun da ya danne nasa yana nan.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, masu aikin reluwe ba dole ba ne su tafi, ana bukatarsu a gida. Mahaifinsa ya tafi duk da haka, don ƙaninsa ya shiga, ya ce ba zai bar yaron ya je shi kaɗai ba. Ƙanin aka tura wani wuri daban, ya dawo lafiya, ya yi tsawon rai. Dattijon ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa yafe wannan tafiyar ba, kuma shi ma sai da ya haura hamsin ya daina jin haushi.

An kai su Singafo. Ba su daɗe ba sojojin Japan suka ci garin, aka kama su. Daga baya aka kwashe su zuwa dajin da ke tsakanin ƙasashen Tailan da Bama, aka sa su shimfiɗa layin dogo. Mutumin da ya bar layi don ya riƙe bindiga, sai ga shi da guduma a hannu, babu takalmi, ana ba shi shinkafa cikin tafin hannu.

Duk abin da dattijon ya sani game da dajin nan, daga bakin mutum ɗaya ya ji shi, wani abokin mahaifinsa da ya tsira. Mutumin ya ce sauran fursunoni da gangan suke ɓata aikin, su sa ruɓaɓɓen katako, su bar kusa ba a buga ta sosai ba. Mahaifinsa ma yana yi, amma sai ya dawo yana ƙunƙuni, wai a rayuwarsa bai taɓa ganin ƙazamin layi irin wannan ba, kuma kunya yake ji a ce da hannunsa a ciki. Suna yi masa dariya, su ce idan an gama yaƙi ya rubuta wa helumansa ƙorafi.

Da damina ta sauka, amai da gudawa ya shiga sansanin. Likitansu, shi ma fursuna, ya ce kada kowa ya sha ruwan da ba a tafasa ba. Itace jiƙaƙƙe, tukwane ba su isa ba. Mahaifinsa ya iya hura wuta a cikin ruwan sama, aikin layi ya koya masa. Idan an tashi aiki sai ya zauna a bayan rumfar marasa lafiya, ya tafasa ruwa a gwangwaninsa, ya juye, ya sake ɗorawa. Haka ya yi ta yi har cutar ta kama shi. Kwana biyu ya yi. An ƙone gawarsa tare da na wasu, don haka aka yi wa duk wanda cutar ta kashe. Ba shi da kabarin da za a nuna.

Abokin ya riƙe gwangwanin har aka sako su. Ya hau jirgi ya je har gidan kwanon nan. A lokacin dattijon yana da shekara bakwai. Mutumin ya durƙusa a gabansa, ramamme, ya miƙa masa, ya ce, "Ban wanke bayansa ba. Babanka ya ce shayi ba ya daɗi a gwangwani mai haske."

Da ya kai nan sai ya ce in kashe wayar. Na kashe. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Amma ko wannan bai sa na yi magana ba. Na ƙara mako uku ina ɗaukar muryarsa, ina shafa masa mai a ƙafa kafin safa, ina salla sahun gaba ranar Juma'a. Na gaya wa kaina cewa abin da ya wuce ya wuce, kuma Hajiya ai za ta samu wani gidan.

Ta samu. Na gamu da ita wata Asabar a 125th Street, a gaban teburin wani ɗan Nijar mai sayar da turare da hula. Ta rame. An ba ta wata tsohuwa can cikin Long Island, jirgi biyu da bas, kuma an rubuta a fayil ɗinta cewa ta lalata kayan majiyyaci, don haka gidajen kusa ba a ba ta. Ta tambaye ni ko tsohon yana cin abinci. Ta buɗe jaka ta ba ni wake da shinkafa irin nasu, da ta dafa wa 'yarta, ta ce in ci, na yi baƙi.

Sai ta ce, "Ka san wani abu, ɗan Zariya? Na yi ta tunani. Ƙila ni na wanke. Ka san hannunmu, ba ya ganin baƙin tukunya ya bari. Ƙila na wanke na manta. Tsufa ya fara zuwa. Na gaya ma 'yata ta kai ni a duba mini kai."

Ta faɗa tana murmushi, tana gyara mayafi. Ni kuwa robar abincin ta yi mini nauyi a hannu. Aikinta na raba ta da shi, yanzu kuma hankalinta take tuhuma, duk don ta ƙi kawo ni a ranta.

Na ce, "Hajiya, kanki lafiya lau. Ni na wanke shi."

Ta dube ni. Mai turaren ya juya yana gyara kwalabe kamar bai ji ba.

Na ce, "Ranar Juma'ar. Ni ne. Aka tambaye ni na yi ƙarya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo hannu ta karɓe robarta, ta mayar cikin jaka, ta ja zif. Ta ce, "Ba ni za ka gaya ma ba. Ni ban da fayil ɗin kowa a hannuna." Ta wuce.

Ranar Litinin na kira 'yar dattijon tun ina cikin feri, don na san idan na isa gidan zan iya sake ja da baya. Na gaya mata duka. Ta ce in gaya wa mahaifinta da bakina, ita za ta kira ejansi.

Na same shi a kujerarsa ta bakin taga. Na durƙusa kamar yadda ake yi a gida, ko da yake ba ganina yake yi ba. Na faɗa masa yadda na jiƙa shi, da soson ƙarfen, da abin da na ce wa 'yarsa.

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. Sannan ya ce, "Kana zaune nan ina ba ka labarin ruwan nan, ka sani?"

Na ce na sani, Baba.

"Kada ka kira ni haka yau."

Na ce to.

Ya ce, "Wankin ban riƙe ka da shi ba. Kuskure ne na mai son aiki, babana ma da ya gane ka. Amma matar nan shekara uku tana yanke mini farce. Na bari aka kore ta, ban ma ce a tsaya a bincika ba, don raina ya ɓaci. Ka sa ni ma na yi laifi. Tashi ka ba ni maganina, ka tafi."

Ejansi ta dakatar da ni wata guda, sannan ta mayar da ni wani gida a Bronx, da gargaɗi a fayil. Lauyana ya ce wannan ba zai taɓa takarduna ba. Abin da na ji tsoro har na sayar da mutum a kansa, ashe ko kusa bai kai haka ba. 'Yar dattijon ta je ofis da ƙafarta ta sa aka goge abin da aka rubuta wa Hajiya. Aka mayar da ita Port Richmond, kuma aka ƙara mata ranakuna biyar ɗin da nake yi.

Kusan wata biyu ban ji daga kowa ba. Wata Alhamis wayata ta yi ƙara, na ga lambar Hajiya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Tsohon ya ce muryarshi tana cikin wayarka."

Na ce tana nan, ban goge ko ɗaya ba, zan tura wa 'yarsa yau.

"Ka tura. Amma ya ce bai gama ba. Saura labarin uwarshi, yadda ta riƙe su bayan yaƙi, da ɗinki da wankau. Na ce ni in ɗauka mashi, ya ce ni ina katse shi da tambaya. Ya ce kai ka iya shiru." Sai ta ƙara da cewa, "Na ce mashi wannan kam na shaida."

Na haɗiye, don na cancanta.

Na je ranar Asabar, ba a matsayin ma'aikaci ba. Hajiya ta buɗe mini ƙofa ta koma kicin. Dattijon yana bayan gida a kan kujera, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, jikarsa ta jera bulo uku ta tara ƙirare. Ya ce shekara saba'in yana tsoron ɗora gwangwanin a wuta kada ya ɓata baƙin babansa, yanzu kuwa ba abin da zai ɓata, kuma shi bai taɓa shan shayin cikinsa ba. Ya ce in hura wutar. Ƙiraren sun sha raɓa, na yi ta fama, hayaƙi ya cika mini ido. Ya ce da ni aka kama a dajin nan da duk sansanin ya ƙare.

Shayin ya yi ɗaci, yana warin hayaƙi. Ya sha rabin kofi, ya ce ko babansa maƙaryaci ne ko kuma sai an ƙara shekara goma ana dafawa. Sannan ya ce in kunna wayar, ya fara labarin mahaifiyarsa.

Da zan tafi na tsaya a ƙofar kicin. Hajiya tana yanka albasa, ta ba ni baya. Na ce, "Hajiya, don Allah ki yafe mini."

Ta ci gaba da yanka har ta gama guda. Ta ce, "Na yafe tun ranar da aka goge takardar, don ba zan je gaban Allah da kayanka a kaina ba. Amma dariya da kai, wannan sai a hankali."

Na ce na gode.

Ta ce, "Asabar mai zuwa ka zo da wuri. Ƙarfe biyu yake fara gyangyaɗi. Kuma ka taho da busasshen itace, kada ka sake cika mini shanya da hayaƙi."